Inuwa, Baƙo da Ajuji: Sunayen da Muka Ɗauko Daga Bakin Mutane

Kakata ta wajen uba ta rayu har ta tsufa tukuf, amma ban taɓa jin kalmar "inuwa" ta fito daga bakinta ba. In rana ta take muna ta guje-guje a tsakar gida, sai ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ku koma gindin darbejiya, ku shiga sanyi." In za a shimfiɗa mata tabarma da azahar, cewa take yi a kai mata wajen sanyi. Ina yaro na ɗauka salon maganarta ne kawai. Sai da na yi wayo wata gwaggona ta warware mini: sunan mijinta, wato kakana, Muhammadu Inuwa. Ya rasu tun kafin a haife ni, amma kunyarsa ba ta bar bakinta ba. Kalmar da ba za ta kira shi da ita ba, ba za ta kira gindin bishiya da ita ba.

Daga nan na fara lura cewa a wurin Bahaushe na da, suna da magana ba su rabu ba. Da yawa daga cikin sunayen da ya gada kalmomi ne da ake ciniki da su a kasuwa, ake faɗa da su, ake rarrashin yaro da su: Baƙo, Sabo, Dogo, Wada, Yalwa, Kyauta, Auta, Azumi, Marka, Bawa. Kowanne akwai dalilin da ya sa aka ɗauko shi daga bakin mutane aka ɗora wa jariri. Dalilin nan shi ne muke sakaci da shi yanzu har yana neman ɓacewa.

Kafin a gane lamarin sai an tuna cewa Bahaushe sunaye biyu gare shi. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar bakwai da safe, maza sun taru a ƙofar gida, an raba goro, liman ya yi addu'a, an yanka rago, wanzami yana jiran aski. Wannan kusan kullum sunan Musulunci ne, na annabi ko sahabi ko wata daga matan gidan Annabi. Sai kuma laƙabi, wanda sau da yawa tsofaffin mata sun riga sun sa tun cibiya ba ta faɗi ba. Abin da ya ba laƙabi ƙarfi shi ne kunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. In an mayar wa yaro sunan kakansa, uwar ba za ta tsaya a tsakar gida tana ƙwala kiran sunan surukinta ba, uban ma ba zai kira sunan mahaifinsa gatsau ba. Sai a koma ga kalmar dangantaka: Baba, Abba, Babangida, Uwani, Ummi, Inna, Iya. Haka yaro ɗan shekara biyu zai tashi ana ce masa Baba, ya shiga makaranta da shi, ya yi aure da shi, har jikokinsa su zo su tarar da sunan ya dace da shi. Sunan yanka kuwa sai ranar ɗaurin aure wani ya ji shi.

Mafi sauƙin ganewa su ne sunayen rana. Ɗanladi da Ladi, Ɗantani ko Tanimu da Tani ko Altine, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Balaraba ko Larai, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Su kansu ranakun aro ne daga Larabci, kuma biyar daga ciki ƙirga ne kawai: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Juma'a taruwa ce. Ashe Talatu, in an bi sunanta har saiwa, "uku" ake ce mata. Balarabe kuwa ya haɗa biyu, domin kalmar tana nufin mutumin ƙasar Larabawa, tana kuma nufin wanda aka haifa ranar Laraba, kamar yadda ake jin ta a sunan marigayi Balarabe Musa, gwamnan tsohuwar jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, da marubuciya Balaraba Ramat Yakubu. Waɗannan sunaye sun bi harshen Hausa duk inda ya je, sun shiga gidajen da ba na Hausawa ba. Janar Theophilus Ɗanjuma mutumin Takum ne. Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane, Bagwariya ce. Hausawan zango a Ghana kuma sun tarar da maƙwabtansu Ashanti suna yin irin wannan, inda Kofi yake ɗan Juma'a, Kwame ɗan Asabar.

Bayan rana sai lokaci da yanayi. A zamanin da babu takardar haihuwa, suna shi ne rajista. Azumi da Ɗan'azumi sun zo cikin watan azumi. Sallau da Tasalla ranar salla. Marka ta zo lokacin da damina ta kankama, sama ba ta ɗauke ƙafa. Anaruwa, sunansa ya faɗi komai, jimla ce guda. Nomau ya zo mutane suna gona, Ciwake ana roron wake, Maikasuwa ranar da kasuwar garin take ci. Wada da Yalwa sun zo rumbu a cike. Baƙo ya zo gida da baƙi, ko kuwa uwarsa ce take baƙunta a wani wuri ta sauka. Kanawa ba za su manta da Audu Baƙo ba, gwamnan jihar na farko daga 1967 zuwa 1975. Shekarau shi ne wanda cikinsa ya wuce watannin da aka saba har aka ce ya shekara, sunan da kowa ya sani ta dalilin Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011. Auta ya rufe ƙofa. Cindo yatsa shida gare shi. Gambo yana bin tagwaye, shi ya sa Hajaratu ta Zariya, wadda ta sha ɗauri saboda jam'iyyar NEPU, duniya ta san ta da Gambo Sawaba. Tanko ya biyo mata, Kande da Delu sun biyo maza. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba. Korau kuwa sunansa ƙorafi ne a fili: an kori uwarsa da cikinsa.

Inda na fi so mu tsaya shi ne sunayen 'ya'yan wabi, domin a nan ne mutanen yanzu suka fi yi wa kakanninmu mummunar fahimta. Wabi ita ce macen da take haihuwa 'ya'yan suna komawa. A unguwarmu akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, kowa Ayashe yake ce mata. Mu yara mukan yi mamakin yadda za a ce wa mutum a yashe shi. Wata rana tana ƙulla mini daddawa a ganye na tambaye ta, ba ta ji haushi ba. Ta ce kafin ita mahaifiyarta ta binne huɗu, ba wanda ya kai yaye. Da aka haife ta, kakarta ta naɗe ta a tsumma ta kai ta bakin juji ta ajiye, ta juya baya kamar ba ta so, sai wata maƙwabciya ta je ta ɗauko ta ta ce ta tsinci 'ya. Tana gama ba ni labarin ta miƙo mini ƙullin ta ce, "Ga ni nan dai, ba a yashe ni ba."

Daga irin wannan hali aka samu Ajuji da Juji, Ayashe, Ajefas, Mantau, Angulu, har da Bawa a wasu gidajen. Tunanin shi ne a nuna ba a damu da yaron ba, a ƙasƙantar da shi da baki, ko abin da yake ɗauke 'ya'yan nan ya raina shi ya wuce. Wasu iyayen kuma ba su bi ta hanyar ɓoyewa ba, roƙo suka yi kai tsaye: Abarshi, Abarta, Barau, Barmani, wato "bar mani", sunan da marigayiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa ta yi fice da shi a waƙar amada. Wasu suka sallama wa Mai Duka, suka ce Dangana, suka ce Dogara. Duk wanda ya ji Ajuji ya yi dariya bai san cewa bayan sunan akwai ƙananan kaburbura a jere ba. Ni ban san wani suna da ya fi wannan nuna tsananin son uwa ga ɗanta ba, domin sai abin da ake tsoron rasawa ake ɓoyewa a juji.

Yin magana da suna tsohon abu ne a ƙasar Hausa, yana nan tun cikin labarin kafuwarta. A tarihin baka na Daura, kuyangar da Daurama ta ba Bayajida, wato Bagwariya, ita ta fara haihuwa, ta sa wa ɗanta Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata sai ta mayar da martani, ta sa masa Bawo, ma'ana a maido garin. Ko mutum ya ɗauki labarin tarihi ko ya ɗauke shi almara, habaicin kishiyoyi ne aka yi da sunan 'ya'ya, kuma duk macen da ta zauna gidan yawa ta gane shi. A jerin sarakunan Kano akwai Tsamiya, wanda littafin tarihin Kano ya sa mulkinsa daga 1307 zuwa 1343, sunan bishiya sak. Akwai Yaji, daga 1349 zuwa 1385, wanda aka ce zafin ransa tun yana yaro ya jawo masa sunan. A zamaninsa ne Wangarawa suka iso da Musulunci daga Mali, kuma Ali ne sunansa na Musulunci. Daga bayansa sunaye irin su Umaru da Dauda da Abdullahi da Yakubu da Muhammadu suka yawaita a gadon sarautar. Amma laƙabi bai ja da baya ba, sai ya koma gefen sunan yanka ya zauna. Ga Babba Zaki a Kano, ga Bawa Jan Gwarzo a Alkalawa ta Gobir. Har wasu sunayen yanka suka yi abokan tafiya na dindindin: Umaru da Sanda, Muhammadu da Inuwa, Usman da Shehu saboda darajar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shugaba Shehu Shagari ma Usman ne.

To ta yaya kunne yake rarrabe suna da kalma? Harshen ya yi wa kansa dabara. Yawancin sunayen abubuwa a Hausa suna ƙarewa da dogon wasali, amma in kalma ta zama sunan mutum sai a gajarta ƙarshenta. Faɗi "na yi baƙo", sannan ka faɗi "na ga Baƙo", ka saurari bakinka. Na farko yana ja, na biyu yana tsayawa cak. Haka sabo da Sabo, dogo da Dogo, bawa da Bawa. Wata dabarar ita ce ɗafa "au" a ƙarshen kalma, ta nan aka ƙera Nomau da Mantau da Tunau da Korau da Sallau da Shekarau da Jatau. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, sai babban baƙi kawai ya rage yana yi mana aikin. In aka zo takardun hukuma kuma ƙugiya ma sai ta faɗi, Baƙo ya koma Bako, Ɗanladi ya koma Danladi, jikan da ya tashi a birni ya karanta sunan kakansa bai ji wata kalma a ciki ba.

Akwai wani rukuni dabam da bai kamata a cakuɗa da waɗannan ba, wato sunayen da suka yi karo da kalmar Hausa bisa katari. Sani ba shi da alaƙa da sanin abu. Larabci ne, ma'anarsa na biyu. Mutum ne yake son kowane ɗansa ya zama Muhammadu, sai ya bi su da lamba: Auwal ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Rabi ba rabin komai ba ce, Rabi'atu ce, ta huɗu. Safiya sunan matar Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana nufin zaɓaɓɓiya, bai haɗa hanya da wayewar gari ba. Ado gajarta Adamu ne, ko da yake duk wanda ya ga hawan marigayi Sarkin Kano Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, zai ce sunan ya bi jiki. Isa na annabi ne, isa ta mulki dabam. Lami ta Alhamis ce, ba ruwanta da miyar da ba gishiri. Dauda da dauɗa ƙugiya ɗaya ce ta raba su. Sule daga Sulaimanu yake, sulen kashewa kuma daga kuɗin Ingila, wanda bayan zuwan naira a 1973 ya koma sunan kwabo goma. Bello da Dikko da Sambo na Fulatanci ne, can ma kalmomi ne masu ma'ana: mataimaki, ɗan fari, ɗa na biyu.

Wani lokacin ma tafiyar juyawa take yi, suna ya koma kalma. Daga Annabi Adamu muka samu ɗan Adam da bil'adama, daga Fir'auna muka samu fir'aunanci. Tun da aka fito da takardar naira ashirin a 1977 da hoton Janar Murtala Muhammad, 'yan kasuwa suka riƙa cewa murtala ɗaya, murtala biyu. A bayan takardar ta yanzu kuwa Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Gaba sunan da ya zama kalma, baya kalmar da ta zama suna.

Abin da ya kamata mai raina sunan Hausa ya sani shi ne, sunayen Larabcin da muke ganin sun fi ƙarfin kalmar kasuwa su ma daga kasuwar Larabawa suka fito. Abdu bawa ne, Abdullahi bawan Allah. A'isha rayayyiya. Khadija, a asalin kalmar, jaririyar da aka haifa watanni ba su cika ba, abin da muke cewa bakwaini. Bakar da ke cikin Abubakar ɗan saurayin raƙumi ne. Ja'afar ƙorama, Safwan dutse, Haidar zaki. Abu Huraira laƙabi ne da ya samu saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka, har ya danne sunansa na asali, kamar dai yadda Baba yake danne Muhammadu a gidajenmu. Balarabe da Bahaushe hanya ɗaya suka bi, kowa ya duba abin da ke gabansa ya kira ɗansa da shi. Nisan harshe ne ya sa namu muke jin kalmar, nasu muke jin sunan kawai.

Ban ce babu abin gyara ba. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja sunaye masu mummunar ma'ana. Wata mai suna da ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib, wanda sunansa ke nufin tsauri, ya ba shi shawarar ya koma mai nufin sauƙi. Malaman da suka hana kai jariri juji da nufin kauce wa mutuwa suna da hujja, domin rai da ajali na Allah ne. Ba kuma wanda zai so a yau a sa wa yarinya Angulu ta je makaranta da shi. Alhamdu lillahi, rigakafi da asibiti sun rage wabi, buƙatar irin waɗannan sunaye ta ragu da kanta. Amma gyaran ya zarce inda ya kamata ya tsaya. Mene ne laifin Wada? Mene ne na Kyauta, ko Dogara, ko Yalwa, ko Auta? Waɗannan godiya ce da tawakkali da harshen uwa.

Abin da ya kashe su, a ganina, kunyar ƙauyanci ce fiye da wa'azi. A ajinmu na firamare akwai wani yaro Nomau. Ranar farko da malami ya kira rajista ya kai kansa, ya ɗaga kai ya ce wannan ai ba suna ba ne, ya tambaye shi na yanka, ya soke wancan da jan biro, aji ya fashe da dariya. Yaron bai sake amsa Nomau a gabanmu ba, ko ƙanensa ya kira shi da shi a hanya sai ya yi kamar bai ji ba. Har yau abin yana damuna, domin ina cikin waɗanda suka yi dariyar. Abin da aka koya mana ranar shi ne kalmar da uwarka ta zaɓa abin kunya ce in da Hausa take.

Al'adar alkunya dai ba ta mutu ba, tufafi ta sake. Yaron da aka mayar wa sunan kakansa yanzu Khalifa ne ko Amir ko Sultan, ko ma Dadi. Yarinya Walida ce ko Mami. Walida kuwa mahaifiya take nufi, wato Uwani ce da Larabci. Ana ɗauko Afnan da Amal da Hanan daga intanet, wasu iyayen sun bincika ma'ana, wasu daɗin sauti kawai suka bi. Sunaye ne masu kyau, ba na ƙin su. Sai dai ba sa faɗin komai game da ranar da yaron ya zo, ko halin da gidan yake ciki, ko abin da uwarsa ta sha kafin ta same shi. Waɗanda suka riƙe wannan hanya da gaske a yau su ne Kiristoci masu magana da Hausa a kudancin Kaduna da Filato da Bauci da Gombe. A can za ka ji Godiya, Alheri, Murna, Ƙauna, Salama, Albarka, Haske, Nasara, Kyauta, kuma sunaye ne na takarda, ana rubuta su a shaidar makaranta ba tare da sunkuyar da kai ba. Yakubu Dogara ya shugabanci Majalisar Wakilai ta tarayya daga 2015 zuwa 2019 da wannan suna, ba wanda ya ce masa na ƙauye ne.

Ba na kiran kowa ya bar sunan annabawa da sahabbai. Tsarin da muka gada ya riga ya ba kowanne wurinsa, na yanka yana gaba, laƙabi yana biye, sun yi ɗaruruwan shekaru tare ba su yi faɗa ba. Roƙona ga iyaye, in za a yi wa yaro alkunya, a duba cikin Hausa tukuna kafin a leƙa waya. Malaman makaranta da masu cike takardu su rubuta abin da aka faɗa musu, da ƙugiyarsa. Kai kuma mai karatu, in har akwai sauran tsohuwa a gidanku wadda ta san dalilin da ya sa ake ce wa kawunka Mantau ko gwaggonka Marka, je ka gaishe ta cikin makon nan, ka tambaye ta, ka rubuta abin da ta faɗa maka.